Babana, a kan mutanen da kake zama da su

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya fama da jama'a? Nan gida lafiya ƙalau muke, alhamdu lillahi. Ummanku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, tunda daga ƙofar gidanmu zuwa sabuwar jami'a tafiyar adaidaita sahu ce, kuma kowace Asabar muna tare a shago. To, na san halinka ne. In na kira ka na zaunar, durƙusawa za ka yi ka sunkuyar da kai, duk abin da na faɗa ka ce "to Baba", mu rabu ban san wadda ta shiga kunne ba, ban san wadda ta zube a tabarma ba. Ladabi ne, Allah ya yi maka albarka a kansa. Sai dai wannan maganar ta fi ƙarfin "to Baba". So nake ka karanta ta kai kaɗai, inda idona ba ya kanka. In ka ga wurin musu ka yi musu da ni a zuciyarka, in ka huce ka sake karantawa.

Kada ka fara lissafin wanda ya kai ƙararka, babu shi. Idona ne. Tun bayan babbar salla nake lura. Yaron nan da kuka yi Islamiyya tare, wanda in ya zo sai ya shiga har tsakar gida ya durƙusa ya gaida Ummanku, ya ɗauke ƙafa. Waɗanda suke zuwa yanzu a mota suke zuwa, su tsaya a bakin layi su danna hon, ka fito da sauri kana gyara hula a hanya. Ina zaune a dakali tare da liman da maƙwabta, babu wanda ya taɓa saukowa ya ce mana sannunku da hutawa. Ban san sunan ko ɗayansu ba, ban san 'ya'yan wane ne ba. Sannan ranar da aka sauke mana dila a shago, na ji yadda ka daka wa ɗan dakon nan tsawa, mutumin da a haife ya haife ka. Wannan ba harshen gidanmu ba ne. A wani wuri ka riƙa jin sa har kunnenka ya saba, bakinka ya ɗauka.

Ku matasa kuna zaton mugun aboki shi ne wanda zai zo ya ce maka tashi mu je sata, ko ungo sha wannan. Da haka abin yake zuwa da ban damu ba, domin kana da hankali, a'a za ka ce ka kama gabanka. Abin da zama da mutum yake yi shi ne ya riƙa rage maka kunyar abu kaɗan kaɗan. Ranar farko da aka kira Magariba ana hira ba wanda ya motsa, gabanka zai faɗi, ka miƙe ka tafi masallaci kai kaɗai. Wata rana ka ce bari a ƙarasa wannan zancen tukuna. Kafin a jima kai ne za ka ce wa sabon zuwa ya zauna, ai lokaci bai fita ba. In aka tambaye ka wa ya hana ka salla a kan lokaci, ka rantse da Allah babu, kuma ba ka yi kaffara ba. Babu wanda ya ce da kai komai. Ka dai zauna ne a inda jinkirin ba abin kunya ba ne. Haka ƙarya ga iyaye take shiga, haka zancen 'yan matan mutane, haka raina na ƙasa da kai.

Ka sha wucewa ta karofin Ƙofar Mata. Marini ba ya rina zane da tsomi ɗaya. Tsomawa yake ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa ya sake ɗagawa. Wanda ya tsaya a bakin rijiyar yana kallo ba zai iya nuna maka lokacin da farin ya tafi ba. Sai wanda ya bar zanen fari da safe ya dawo da yamma, shi ne zai ga ya koma shuɗi. Ni ne wanda ya dawo da yamma, Babana, shi ya sa nake ganin abin da kai ba ka gani.

Tun kana ƙarami ka haddace hadisin nan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa mutum yana kan addinin abokinsa ne, don haka kowa ya duba wanda yake abota da shi. Yanzu da ka girma ina so ka ɗora shi a kan labarin Abu Ɗalibi. Shi ya reni Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsaya masa shekara da shekaru, ya san bai taɓa ƙarya ba. Yana kwance ajali ya zo, ɗan ɗan'uwansa yana roƙonsa kalma ɗaya, ga Abu Jahil da Abdullahi ɗan Abu Umayya a zaune a gefe suna cewa, yanzu addinin Abdulmuɗɗalibi za ka bari? Ba su zare masa takobi ba, ba su yi masa barazana da komai ba. Kunyar idonsu kaɗai ta riƙe masa harshe har rai ya yi halinsa. Dattijo ne, shugaba a cikin mutanensa, mai hankali. In kunyar idon abokan zama ta iya yi wa irinsa haka, ɗan shekara ashirin da 'yan kai bai kamata ya bugi ƙirji ya ce shi ya fi ƙarfinta ba.

Kada ka ɗauka gaba nake yi da majalisa. Ni ma ina da tawa, ka san ta, tun kafin in auri Ummanku muke zama. Su suka raka ni ɗaurin aure, su suka shiga kabari suka karɓi kakanka da na sa maka sunansa, kuma in ɗayanmu ya kwanta ciwo kafin danginsa su ji mun haɗa abin da ya sawwaƙa. Namiji a garin nan in ba shi da wurin zama abin tausayi ne. Amma akwai abu ɗaya da nake so ka auna taku da shi. In aka kawo wata shawara kai kuma ka ce a'a, me yake biyo baya? In za a ja ka da wasa a wuce wurin, gobe ka dawo ka tarar da gurbinka a benci, to alhamdu lillahi, waɗannan mutane ne. In kuwa a'a ɗin za ta jawo maka suna, yau ustazu, gobe ɗan Hajiya, jibi bagidaje wanda bai waye ba, har ka fara yarda da abin da zuciyarka ba ta so don gudun bakinsu, to ka sani kuɗin zama kake biya, kuma kullum ƙara shi za a riƙa yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai, wato kuɗi. Na san abin da nake ba ka a wata, na kuma san abin da zai iya saya da wanda ba zai iya ba. Gasasshiyar kaza da daddare a titin gidan zu, yawo a mota har Nasarawa, katin waya da ba ya yankewa, duk ba daga aljihunka suke fitowa ba. Wani ne yake biya. Mai yiwuwa yaron kirki ne mai sakin hannu, Allah ya hore wa mahaifinsa, ban yi masa mugun zato ba. Amma a kasuwa na tashi, kuma abin da na gani shi ne wanda kullum ake biya masa a hankali bakinsa yake mutuwa. Ranar da mai biyan ya yi ba daidai ba, ka buɗe baki za ka yi magana sai ka tuna kazar jiya. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na hana ka karɓar alheri, abota ai da ci da sha take. Ka dai tabbata kai ma kana miƙa hannu daidai ƙarfinka, ko shayi da burodi ne. In wurin da suke zuwa ya fi ƙarfin aljihunka, ka ce ya fi ƙarfinka, kada ka ji nauyi. Ni na kai shekarun nan ina faɗin haka a gaban manyan attajiran Kantin Kwari, ban ga ya rage ni da komai ba.

Askin kuwa ga yadda yake zuwa a wannan zamani. Wata rana zai ce maka asusunsa na banki ya sami matsala, za a turo masa kuɗi, bari a turo ta naka ka cire masa. Ko ya ce ara mini layinka in yi kira ɗaya. Ko ya kawo waya mai tsada ya ce ka ajiye masa kwana biyu, ko ka saya a rabin kuɗinta tunda kai ne. Ko ya ce sa mini hannu a nan, shaida ce kawai. Kowanne cikinsu ƙaramin abu ne da za ka ji kunyar hana wanda ya saba ciyar da kai. To ka saurara. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, kowane asusu yana ɗaure da yatsun mai shi da hotonsa. Tun ƙarshen 2020 kuma gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN. In kuɗin da suka shiga asusunka na damfara ne, mai kuɗin zai kai ƙara, banki ya rufe asusun, kuma sunan da zai fito a takardar EFCC naka ne. In da layinka aka kira iyalan wanda aka sace, ƙofar gidanmu za a ƙwanƙwasa. Wayar da aka ƙwata a hannun wani, wataƙila bayan an soka masa wuƙa, ana bin sawunta har hannun da take, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a gaban alƙali. A ranar, abokin naka wayarsa a kashe take. Ka je Kurmawa ko Goron Dutse ranar ziyara ka ji bakin iyaye mata a layi. Da yawansu magana ɗaya suke maimaitawa, wallahi ɗana ba ya sata, abokinsa ne ya ba shi ajiya. Wasunsu gaskiya suke faɗa, kuma gaskiyar ba ta buɗe ƙofar ba.

Asusunka, layinka, katinka na ɗan ƙasa da sa hannunka, waɗannan huɗun ba a ara wa kowa. Ko ɗan'uwanka na jini ne ya nema, ka ce Baba ya hana, ka turo shi wurina. Na yarda ka ɗora mini laifin.

Maganar ƙwaya ba na jin ta shafe ka, kuma ina roƙon Allah kada ta taɓa shafarka. Amma ba zan tsallake ta ba, domin na san garin da muke ciki. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda abin ya yi katutu, har da nan Kano. A farkon 2019 kuma aka fitar da rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Ya ce mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A jiharmu kashi 16 cikin 100 ne, sama da mutum miliyan ɗaya. Kusan ɗaya cikin shida ke nan. Waɗannan ba daga wata duniya suka faɗo ba, 'ya'yan gidaje ne irin namu, wasu da saukar Alƙur'ani. Kuma ban taɓa jin wanda ya tashi da safe shi kaɗai ya nufi wurin dillali ya ce a sayar masa ba. Kurɓin farko kyauta ne, daga hannun wanda aka yarda da shi yake zuwa, a cikin robar lemo, a wurin biki ko a ɗakin abokai. Na ɗalibai ma da hujjarsa yake zuwa, wai taramol yana kore gajiya a kwana ana karatun jarrabawa. Daga shisha a koma wiwi, daga nan sai abin da Allah ya kiyaye. Na taɓa raka wani maƙwabcinmu na kasuwa asibitin Dawanau duba ɗansa. Yaron da na sani da fara'a da gaisuwa, yana zaune yana kallon mahaifinsa kamar bai taɓa ganinsa ba. A cikin waɗanda suka koya masa babu wanda ya taka ƙafa ya je.

Daba da jagaliya ma ta ƙofar nan suke shigowa. Yaro bai taɓa riƙe wuƙa ba, sai a ce an taɓa ɗan unguwarmu, duk mai kishi ya fito. Ya fita don kada a ce masa mace. Lokacin zaɓe a zuba su a mota a ba su ɗan abin da ba zai kai su mako ba, 'ya'yan mai motar kuwa suna makaranta a ƙasar waje. Masu neman kuɗin dare ɗaya su ma haka. Lokacin da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi a jira riba, ta rufe a Disambar 2016 na san mutanen da jarinsu ya tafi, kuma kowannensu amininsa ne ya kai shi, da kyakkyawar niyya ma, yana nuna masa ribar da ya ci a waya. Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, cacar ta koma cikin aljihun yara, aboki yana tura wa aboki lambobin wasa. Ba zan tsawaita a nan ba, ka fi ni sanin sunayensu.

Akwai wani irin aboki kuma da iyaye ba su cika tsoronsa ba, ni kuwa ina tsoronsa ƙwarai. Ba ya shan komai, ba ya kula mata, kullum da littafi a hannu. Sai dai in ka zauna da shi wata biyu ka dawo gida kana ganin limamin unguwarku jahili ne, mahaifiyarka 'yar bidi'a ce, sallar mahaifinka ma akwai magana a kanta. Ina yaro aka yi rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, Disambar 1980, mutum fiye da 4,000 suka mutu a garin nan cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan waɗanda suka bi shi matasa ne da suka shigo birni neman karatu ko neman abinci, wani ya ja wani, ɗan garinsu ya ce zo ka ji malaminmu. Harin da Boko Haram ta kai garin nan ranar 20 ga Janairun 2012 kuwa kana ƙarami, amma ka tuna yadda muka kwana. Ka nemi ilimi, Babana, ka zauna gaban malamai sanannu waɗanda aka san inda suka yi karatu, a masallaci a bainar jama'a. Duk karatun da aka ce kada ka gaya wa iyayenka, ko wanda yake ƙara maka ƙiyayyar Musulmi 'yan'uwanka fiye da yadda yake ƙara maka tsoron Allah, ka tattara takalmanka.

Wayar hannunka ma majalisa ce, har ta fi ta bakin titi, domin ita ba a tashi. Waɗanda kake bi a TikTok da zaurukan WhatsApp da kake ciki, da su kake kwana da su kake tashi, kuma ba zan taɓa ganin fuskarsu a ƙofar gida ba. Awon da na ba ka na benci, ka auna su da shi.

Wataƙila ka ce, to Baba, in ni na tsare kaina, ina ruwan wani da wanda nake zama da shi? Da ruwansa, kuma a nan ne nake so ka saurare ni a matsayin ɗan kasuwa. Ka ga yadda muke ciniki a Kwari. Mutum ya zo daga Damagaram ko Marwa ko Anjamena ya ɗauki kayan miliyoyi, babu lauya babu takardar kotu, sai ya sayar ya aiko. Mu ma haka muke karɓa a hannun manyanmu. Duk kasuwar a kan amana take tsaye, amana kuwa labari ce da mutane suke bayarwa a kanka ba ka wurin. In uban gida zai sallami yaronsa ya ba shi jari, ko wani zai ba sabon yaro kaya bashi, tambayar farko ɗan gidan wane ne, ta biyu da su wa yake yawo. Na zauna a inda aka fasa ba wani yaro kaya, yaron da ban san shi da cin kwabon kowa ba, saboda mutum ɗaya ya ce yana ganinsa da yamma tare da su wane. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba, har yau bai san dalili ba. Ka ce zalunci ne, wataƙila, amma mai dukiya ba zai yi gwaji da dukiyarsa ba, kuma mutanen garin nan sun riga sun yanke cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Haka in ka tashi aure. Waliyyan yarinya ba kai za su tambaya ba. Mutum za su turo unguwa a ɓoye, ya ji ta bakin liman da mai unguwa da mai shagon bakin layi, ya wuce ta majalisarku ya ga su wa ke zaune. Ni ma haka na yi kafin in ba da yayarka.

Kada duk wannan ya sa ka zaci cewa nake ka zama mutum shi kaɗai. Aboki nagari yana kai mutum inda iyayensa ba za su iya kai shi ba. Dubi Malam Aminu Kano. An haife shi a 1920, yana saurayi kamar kai aka tura shi koyarwa makarantar Midil ta Bauchi. A can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, malami masanin addini da boko, mai kaifin harshe a kan zalunci. Su ma majalisa suke da ita, har da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin masu zama, sai dai abin da ake tattaunawa a tasu shi ne halin da talaka yake ciki da yadda ake mulkinsa. Duk wanda ya san tarihin Malam ya san zaman nan yana cikin abin da ya gina shi, har ya zo ya jagoranci jam'iyyar NEPU da aka kafa a nan Kano a 1950. Malam Sa'adu ya rasu tun 1958, bai ga 'yancin kai ba ma. Malam Aminu ya rasu a 1983, bai bar dukiya ba, amma filin jirgin samanmu da babban asibitin koyarwa sunansa suke amsawa. Gidan Mambayya yana nan a Gwammaja, a hannun jami'arku yake. Ka je wata rana ka ga ɗakin da ya zauna, ka tambayi kanka me ake tattaunawa a taku majalisar, kuma ina zancen zai kai ku nan da shekara 20.

Ka san aminina da kuke kira Baffa, alhali ba mu haɗa jini ba. Ba shi da abin hannu, har yau a keke yake zuwa kasuwa. Abin da ya sa na riƙe shi, shi ne mutumin da zai ja ni gefe ya gaya mini abin da ba na son ji, ya fita waje kuma ya kare mutuncina. Bai taɓa kai ni inda zan ɓoye wa Ummanku ba. In na samu, farin cikinsa har a fuska, in na rasa ba ya canza hanya. Irinsa ɗaya ko biyu sun ishe ka rayuwa. Kada ka auna aboki da motar gidansu ko unguwar da ya fito. A cikin 'ya'yan masu kuɗi akwai na kirki ƙwarai, a cikin 'ya'yan malamai akwai waɗanda ba a so a ambata. Ka duba yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana a waya, da yadda yake yi da mai gadi da mai adaidaita, da abin da yake faɗa a kan abokin da ya tashi daga wurin yanzun nan, domin in ka tashi kai ma abin da za a faɗa ke nan.

Ka kuma tuna kai ma abokin wani ne. Akwai uban da yake zaune a wata unguwa yana tunanin ɗansa kamar yadda nake tunaninka, kuma sunanka ne a ransa, ko da alheri ko da fargaba. Ƙaninka kuwa ba ya buƙatar majalisa, kai ne majalisarsa. Yadda kake karya hula haka yake karyawa, kuma tsawar nan da ka yi a shago yana tsaye a bayanka.

In ka auna ka ga akwai wanda ya kamata ka ja baya da shi, ba sai an yi faɗa ba, ba sai ka yi masa wa'azi a gaban mutane ba. Garin nan ƙarami ne duk da girmansa, wanda ka wulaƙanta yau gobe a gabansa za ka nemi sa hannu. Ka riƙe gaisuwa, ka je masa biki da ta'aziyya, in ba shi da lafiya ka duba shi. Zaman ne kawai za ka rage. Ka cika lokacin da wani abu, domin wanda ba shi da abin yi bayan La'asar ƙafarsa da kanta take mayar da shi inda ya saba. Ga shago, ga karatun Magariba a masallacinmu, ga ƙwallo in kana so. Za su yi magana mako biyu ko uku, su gaji su bari. In kuma akwai wanda kake ƙauna a cikinsu, kana ganin zai ji maganarka, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa gaskiya, wannan haƙƙinsa ne a kanka. Amma ka ja shi zuwa inda kake, kada ka koma inda yake da sunan gyara shi, kai ɗaya su biyar. Shi kuma abokinka na Islamiyya ka neme shi. Na ji mahaifinsa yana kwance a asibitin Murtala, bai kamata a ce ba a ga ƙafarka ba.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci ka zo da abokan naka gida. Ummanku ta ce za ta yi waina da miyar taushe. Su shigo soro mu gaisa, in ji sunayensu da na iyayensu. A birnin nan da wuya a ambaci kakan mutum in kasa gane gidansu. Ba titsiye zan yi musu ba, baƙina ne, kuma zan girmama su saboda kai. Mai yiwuwa in same su sun fi yadda nake zato, in haka ne zan fi kowa murna, kuma zan gaya maka.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba na so ka manta. In akwai abin da ka riga ka shiga, bashi ne, ko kuɗin wani sun bi ta asusunka, ko an ba ka wata ajiya, ko ka ɗanɗani wani abu, ka gaya mini tun yanzu, kafin in ji a bakin wani. Na yi maka alkawari fitar da kai zan fara yi, faɗa in ma akwai shi sai daga baya. In bakinka ba zai iya ba, ka rubuto kamar yadda na rubuto, ka ba ƙaninka ya kawo mini, ko ka gaya wa Baffa shi ya same ni.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sa ƙafa, ya ba ka sa'ar jarrabawa. Amin.

Wassalam,
Mahaifinka.